Rakiyar da Muka Soke

Shekaru da yawa ni ne ɗan rakiyar ƙungiyarmu. Wanda bai zauna cikin 'yan Nijar na Abidjan ba sai ya ɗauka wani muƙami ne mai rawani. Ina! Aikin shi ne, idan tsoho ya kwanta ciwo aka ga alamar ba tashi zai yi ba, sai ƙungiya ta yanka masa tikitin mota, ta haɗa masa guzuri, ni kuma in zauna kusa da shi tun daga tashar Adjamé har ƙofar gidan da aka haife shi. In damƙa shi ga danginsa, in sha ruwa, in juyo. An zaɓe ni ne don ina jin Faransanci daidai na magana da jandarma a kan iyaka, ba na amai a mota, kuma teburin takalmana na kasuwar Black Market ƙanena yana iya riƙe mini shi.

Iyakar taimakon da ƙungiyar ta sani ke nan, sai likkafani ga wanda mutuwa ta yi wa fuju'a. Ba rowa ba ce ta sa. Iyayenmu da suka kafa ta ci-rani suka zo. Kowannensu ya sauka garin nan da niyyar idan damina ta kama zai koma gona. Damina ta yi ta zuwa tana wucewa, suka buɗe shaguna, suka yi aure, 'ya'yansu suka tashi suna zagin juna da Julanci, amma a ransu har gobe baƙi ne da suka ɗan jima. Na san dattijon da ya yi furfura a Williamsville bai taɓa sayen gado ba, wai me zai yi da gado a garin mutane. Mutumin da yake ganin kansa a kan hanya, babban alherin da za ka yi masa shi ne ka ƙarasa da shi gida. A kan wannan tunani aka gina asusun da muke zuba wa kuɗi duk wata, wanda muke ce wa kotizasiyo.

Ni ma haka na yarda, kuma na yi aikin da zuciya ɗaya. Akwai waɗanda na kai aka tarbe su da guɗa, 'ya'ya da jikoki suna rige-rigen ɗaukar jaka. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai irin tsofaffin da nake kaiwa suka sauya. Aka fara ba ni mutanen da rabonsu da garinsu tun suna samari. Mu isa, in yi sallama, a fito da wani magidanci yana kallonmu kamar masu tallan magani. A yi ta lissafin wane ɗan wane, har a gano inda aka haɗu, sannan a share wani ɗaki da ake ajiye harawa a shimfiɗa tabarma. Likita kuwa yana can nesa, sai da amalanke. Dattawanmu na Abidjan ba su taɓa ganin wannan ba. Su abin da suke gani shi ne addu'ar da ake yi a tasha, da ni in na dawo na ce mun isa lafiya.

Ba zan ce ni na kawo sauyin ba, ko da yake bakina ya yi aiki. Abin ya taso ne daga yaranmu haifaffun nan. Su ba su san wata damina da za a koma ba. Sun ga abokan karatunsu suna zancen fansho da inshora, sun ga gwamnati ta fito da katin lafiya da aka ce duk mazaunin ƙasa yana iya yi, sai suka fara tambayar da ba mu taɓa yi wa kanmu ba. Wanda ya fi kowa zafi a cikinsu wani ɗan abokina ne da ke aiki a kantin magani. Hausarsa duk a karye take, sai ya yi jimla biyu ya tsere cikin Faransanci, amma abin da yake nufi a fili yake: don me mutum zai ba garin nan ƙarfinsa, in ya ƙare a loda shi a mota kamar buhun da ya huje?

Dattawa suka ji zafin maganar, musamman Alhaji, shugabanmu, mai sayar da atamfa a babbar kasuwa. Shi ya binne mutane da yawa, ya kuma sallami da yawa a tasha. Ya ce yaran ba su san ciwon mutuwa a hannun baƙi ba. An daɗe ana wannan ja-in-ja a harabar masallacinmu bayan la'asar, ba a kai ko'ina ba, don magana ce kawai babu mutum a cikinta.

Sai Baba ya faɗi.

Baba na Treichville muke ce masa. Ba'adare ne, dogo, mai ƙarancin magana. Ya yi dako a tashar jiragen ruwa har bayansa ya ƙi, ya koma gadin wani sito, daga baya ya zauna bakin titi yana sayar da goro da asuwaki. Ya taɓa auren wata Bajula, ta rasu ba su haihu ba, bai sake ba. Lokacin da na zo garin nan ina saurayi, ba ni da ko tabarma, a ɗakinsa na fara kwana, shi ya koya mini yadda ake shiga gbaka, ƙaramar motar hayar garin, ba a cuce ka ba. Wata safiya maƙwabta suka tarar da shi a ƙasa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Da aka sallamo shi daga asibiti, Alhaji ya kira taro, ya dube ni ya ce in shirya.

Ranar ce na fasa ƙwai. Na miƙe na faɗa musu abin da nake gani a ƙarshen hanya, ɗakin harawa da amalanke da fuskar magidancin da aka ɗora wa nauyin da bai san da shi ba. Na ce Baba ba shi da kowa a can da ya san fuskarsa, mu ne muka san ta. Na yi zafi fiye da kima, har na ce da bakina ba rakiya nake yi ba, zubarwa nake yi. Malamin da ke koyar da yaranmu karatu, wanda bai cika tsoma baki a harkar ƙungiya ba, shi ya sassauta abin. Ya ce jinyar mutum tana kan waɗanda ya rayu a cikinsu, kuma maƙwabcin da kuka ci kuka sha tare yana da nasa haƙƙin ko ba ku haɗa kaka ba. Alhaji ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce:

"To. Ku kunka ga hanya, mu tasha munka gani. A gwada naku."

Abin da ya fi ba ni mamaki daga baya shi ne ba a ƙara wa kowa ko sisi ba. Asusun nan dai shi ne, mutanen nan dai su ne. Abin da ake kashewa a tikiti da guzuri sai ya koma hayar ɗaki da magani. Yaran suka bi layi suka yi wa tsofaffinmu katin lafiya. Mata suka raba kwanaki a tsakaninsu, yau gidan wane ne zai kai kwano, gobe gidan wane. Aka soke rakiya, aka yi fatiha a kai. Duk shekarun nan muna iya yin haka, tunaninsa ne kawai bai zo mana ba, don muna ganin ɗaki da magani na mazauna ne, mu kuwa masu wucewa ne.

Tsarin ya yi kyau, kada in rage masa komai. Baba ya samu katifa da fanka. Ɗan abokina yana zuwa ya auna masa jini, ya jera masa ƙwayoyi a gwangwani. Kwanuka suna tasowa daga Adjamé da Williamsville a tasin haya da ake ce wa woro-woro, su haye gada, su iso da ɗuminsu: yau shinkafa da miyar gyaɗa, gobe aceke, wato dambun rogo, da kifi, wata rana wata baiwar Allah ta dama masa fura don ta san abin da Ba'adare yake so. Baba ya fara taka ƙafa da sanda, bakinsa da ya karkace ya ɗan daidaita. 'Yan wasu ƙungiyoyi suka riƙa zuwa tambayar yadda muka yi. Ni kuwa har tafiyata ta sauya. In na haɗu da Alhaji sai in gaishe shi da ladabin da ya wuce misali, shi ma ya san tsiya ce nake yi masa.

Duk ranar Juma'a bayan an sauko ina zuwa wurin Baba. Nakan tarar da mai kwanon ranar ta iso, ko ɗanta. Baba zai gyara zama da ƙyar, ya ɗaga hannunsa mai lafiya, ya fara: Allah ya saka, Allah ya raya zuri'a, Allah ya buɗa kasuwa, a gai da maigida, a ce na gode, na gode ƙwarai. Wani lokaci yaran su ɗauke shi hoto da kwanon a gabansa, su tura wa 'yan ƙungiya a waya don kowa ya ga kuɗinsa yana aiki. Ina ganin wannan duka ina jin daɗi.

Wata Juma'a bayan mai kwano ta fita, ya tura abincin gefe bai buɗe ba. Ya ce in jawo ƙofa.

"Ɗana, so nike ka kai ni gida."

Na yi dariya, na ce, "Baba, wane gida kuma? Ga ka a gida."

"Kak ka yi mini wayon 'yan boko. Ka san abin da nike hwaɗi."

Na ce masa an soke rakiya, kuma saboda shi aka soke. Na tuna masa da maganinsa, da mai auna jini, da cewa a can in ciwon ya motsa babu mai kai shi ko'ina. Na ce ko wanda ya san sunansa da wuya a samu. Yana saurarena yana kallon fanka. Da na gama ya ce:

"Da anka ce a kai ni, ba wanda ya tambaye ni. Da kunka ce a bar ni, nan ma ba wanda ya tambaye ni. Yanzu ni da bakina nike tambaya, kai ɗai nika roƙo."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ji kamar ya watsa mini ƙasa a ido a gaban mutanen da na yi wa ɗaga murya. Na tafi ina cewa a raina rigimar tsufa ce, za ta wuce. Ba ta wuce ba. Duk Juma'a sai ya maimaita, ba da faɗa ba, kamar mai tuna maka saƙo. Ya fara rage cin abinci, ƙwayoyin ma sai an tsaya a kansa. Da na ga yana zubewa, na kai maganar gaban taro.

A nan na ga abin da ban zata ba. Yaran da suka yi yaƙi da tsohuwar doka sun riƙe sabuwar da haƙora fiye da yadda dattawa suka riƙe tasu. Ɗan abokina ya miƙe ya dube ni, ya fara da Faransancinsa:

"Tonton, ça c'est fini! Mun gama da wannan. In an kai shi yau, gobe wani ya gaji da tsohonsa ya ce shi ma ya roƙa. On recule pas, ba ja da baya."

Gaskiya ce ya faɗa. Na san gidajen da za su yi murna a sake buɗe wannan ƙofa. Wani ya ce ciwon ne ya taɓa masa tunani. Wata daga bayan labule ta ce ko abincin ne bai yi masa ba a sauya. Duk wannan Alhaji yana zaune yana kallona, ni kuwa na ƙi yarda mu haɗa ido. Aka tashi a kan cewa asusu ba zai yanka tikiti ba, doka ce.

Washegari da hantsi sai ga Alhaji a teburina, shi da ba ya shiga Black Market don ya ce hayaniyarta tana sa masa ciwon kai. Ya ɗauki wani takalmi yana jujjuyawa kamar mai saye. Na shirya jin gori, don na ci bashinsa da yawa. Bai yi ba. Ya ce shi ma ya je Treichville, ya zauna da Baba, ya ji daga bakinsa. Ya ce dokar yaran tana da kyau, kada a taɓa ta, shi kansa yana fatan ya mutu a ƙarƙashinta. Amma ƙungiya ce aka hana ta kai mutum, ba a hana mutum ya raka ubansa ba. Ya ajiye takalmin, ya ce ya yanki tikiti biyu daga aljihunsa, suna hannun mai tasha.

Lokacin hanyar Burkina ba ta lalace kamar yanzu ba. Ɗan abokina, duk da fushinsa, shi ya zo tasha da ledar magani mai yawa, ya yi mini bayanin kowanne, ya rungume Baba yana ce masa yako, wato sannu, idonsa ya yi ja. Muka kama hanya. Na yi wannan tafiya da marasa lafiya da yawa, na san yadda take cin su. Baba ya jure. Har muka wuce Bouaké barci yake yi, kansa a kafaɗata. Da dazuzzuka suka ƙare ƙasa ta buɗe, ya farka ya ce a ba shi wajen taga. Daga nan bai ƙara runtsawa sosai ba, yana kallon gonaki, wani lokaci ya ce wannan gero an makara da shuka shi, kamar jiya ya ajiye hauya.

Muka sauka a babban gari, muka shiga ƙaramar mota, daga ƙarshe muka hau amalanken jaki. Abin da na faɗa a harabar masallaci shi muka tarar, babu ragi. Unguwar da ya sani ta tashi ta koma gefen titi. Sa'o'insa duk sun rasu. Aka yi ta tura mu daga wannan zaure zuwa wancan, har aka kai mu ga wani magidanci, jikan wansa, wanda ya taɓa jin an ce akwai wani kaka da ya tafi Abidjan bai dawo ba. Mutumin ya gaishe mu da ladabi, amma na ga idonsa yana kan sandar Baba da hannun da ba ya motsi, daga nan ya waiga wajen rumbunsa. Matarsa ta leƙo ta koma, na ji ƙarar kwano da aka ajiye da ƙarfi. Aka kwashe kaya daga wani ɗaki kusa da turken awaki aka shimfiɗa tabarma.

Da yamma aka kawo tuwon gero da miyar kuka, tsululu, babu ko ƙamshin nama. Yarinyar da ta kawo ta dire a bakin ƙofa ta juya. Baba ya jawo kwanon da hannunsa mai lafiya, ya yi bisimilla, ya ci. Rabon da in ga ya ci abinci haka tun kafin ya faɗi.

Na kwana a nan. Da safe na yi wa magidancin bayanin magunguna, yana gyaɗa kai irin na wanda ba zai riƙe ba. Sannan na shiga wurin Baba na durƙusa. Zuciyata ta karye, na ji ba zan iya tafiya in bar shi ba. Na ce:

"Baba, ka gani da idonka. Ba laifi ba ne mutum ya ga gida ya koma. Ɗakinka yana nan, ba a ba kowa ba. Tashi mu tafi."

Ya ce, "Kana tsammani ban san haka zan iske ba?"

"To me ka zo yi? Mutanen nan ba su san ka ba. Ba ka ga yadda aka ajiye maka tuwo ba? Can ana kawo maka da fara'a, ana tambayar lafiyarka."

Ya murza gwiwarsa da ta shanye. Sannan ya ce:

"Mutanen kirki ne, Allah shi saka musu. Amma ɗana, tun da ni faɗi, ban kai loma baki ba sai na yi godiya. Da sahe godiya, da marece godiya, ga wanda ni girme ma ubanai. Na ɗauki buhu a garin can har bayana ya mutu, ban taɓa cin abin da ban biya ba, sai ga ni ina biya da albarka. Na gaji." Ya nuna waje da haɓarsa. "Gonar da anka noma geron ga, ta ubana ce. Ina da rabo ciki, ban taɓa amsa ba. Ko sun ɗaure fuska, ko sun jefo mini shi, nawa ne."

Na buɗe baki in ce ai can ma nasa ne, shekara nawa yana zuba kotizasiyo ba fashi. Sai na tuna ban taɓa jin ɗayanmu ya faɗa masa haka ba, kuma ko ni da na tsaya a gaban taro, da tausayi na roƙa masa, ban ce a ba shi abinsa ba. Na rufe bakina.

Mai amalanke ya yi kira daga waje. Na kama hannun Baba na ce ya yafe mini, ya ce babu komai tsakaninmu sai alheri, in gai da Alhaji. Ina fita na ci karo da yarinyar jiya ɗauke da kwanon koko. Ta wuce ni, ta dire shi a bakin ƙofa ba sallama. Na ɗan tsaya ina saurare. Sai na ji muryarsa daga ciki, da ƙarfin da na manta yana da shi:

"Ke! Ba a sa ma kokon ga tsami ba? Koma ki ƙaro."